Dinya a Tsakar Gida: Zaɓen Mai Sanyin Hali da Shawo Kan Toro Mai Faɗa

A gidan da ake kiwon dinya, baƙo ba ya kaiwa ga sallama ta biyu. Tun yana bakin zaure kuka ya kaure a tsakar gida. Kafin maigida ya zura takalmi, toron ya riga ya iso ƙofa, wuya a miƙe dab da ƙasa, baki buɗe, yana huci. Wannan hali shi ke sa mutum ya cire kuɗi ya sayi dinya. Shi ne kuma ke sa ya mayar da ita kasuwa bayan 'yan watanni, ranar da toron ya cafki cinyar yaro ɗan shekara uku ya murɗa, ko ya hana matan gida zuwa bakin randa.

A gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, dinya baƙuwa ce idan aka jera ta da kaza da zabo. Babbar ƙidayar noma da dabbobi da Nijar ta gudanar daga 2005 zuwa 2007 ta gano tsuntsayen gida sama da miliyan 12 a faɗin ƙasa. Kaji sun haura rabi, zabi kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai tantabaru da agwagi, dinya kuwa ba ta kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ƙarancin nan yana da sakamako. Matar ƙauye ta gaji sanin kaza daga uwa da kaka: ta san wadda za ta yi kwanci, ta san zakaran da ya isa yanka. Sanin dinya kuwa babu wanda ya gada. Sai a ɗauke ta a matsayin ƙatuwar kaza, a watsa mata tsaba, a sake ta cikin yara, daga nan rigima ta fara.

Asali biyu, da ta ukun da ke tafki

Dinyoyin gida na duniya daga tushe biyu suka fito. Na farko dinyar daji ce mai ruwan toka ta ƙasashen Turai da yammacin Asiya, daga gare ta aka samu irin Tulus na Faransa, da Emden na Jamus, da Pilgrim, da Sebastopol. Waɗannan goshinsu a shafe yake, jikinsu a cike, wuyansu gajere mai kauri. Tushe na biyu wata dinyar daji ce ta gabashin Asiya, wadda ta haifar da dinyar Sin mai dogon wuya siriri da ƙullutu a gindin baki. Akwai wata babbar 'yar'uwarta da Turawa ke kira dinyar Afirka, alhali ita ma daga Sin ta fito. Har gobe ƙasar Sin ce ke samar da fiye da kashi 90 cikin 100 na naman dinya a duniya. A nahiyarmu Masar da Madagaska ne suka yi fice, kuma a Masar sabon mutum da dinya tsoho ne ƙwarai: zanen dinyoyin Maidum da ke gidan tarihi na Alƙahira ya haura shekara 4,500.

Ta ukun ita ce dinyar dajinmu, baƙa mai farin ciki da jan baki, wadda ke sauka a manyan ruwaye irin tafkin Madarunfa, wanda aka sanya cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Tana cikin mafi girman tsuntsayen ruwa na Afirka, kuma tana da tsinin ƙashi a gwiwar kowane fiffike, da shi take faɗa. Wanda ya tsinci ƙwanta ya sa wa kaza zai samu tsuntsuwa mai kyan gani, amma jinin daji ba ya barinta, kuma dukan fiffikenta yana fasa fata. Wani lokaci namanta ma yana cutarwa, domin a wasu wurare tana cin ƙwaron hangara, dafinsa ya taru a jikinta. Ga kuma doka: dokar farauta da kare namun daji ta Nijar ta 1998 ta ɗora kama namun daji da ajiye su a kan izinin ma'aikatan gandun daji. Mai neman dinyar da za ta zauna lafiya da yara ba shi da abin nema a tafki.

Waɗanda aka sani da sanyin hali

Masu kiwo a Turai da Amurka sun daɗe da jera irin dinya bisa hali. A sahun gaba akwai Pilgrim, matsakaiciya, toronta kilo 6 zuwa 8, wadda wani makiyayi a Amurka mai suna Oscar Grow ya daidaita irinta a shekarun 1930. Tana da wata fa'ida da ba kowace dinya ke da ita ba: launi kaɗai ke raba namiji da mace, toro fari ne, macen ruwan toka, kuma tun suna tsaki ana ganin bambancin. Sai Sebastopol mai nannaɗaɗɗen gashi, da American Buff mai launin ƙasa-ƙasa, dukkansu an shaide su da haƙuri.

Tulus ita ma salaha ce, musamman babbar mai fata tana reto a ƙarƙashin maƙogwaro, wadda kan kai kilo 10 ko fiye. Sai dai nauyin da ya sanyaya mata hali shi ne ke wahalar da ita a ƙasarmu. A watannin Afrilu da Mayu zafin jihar Maraɗi yana haura digiri 40, tsuntsu mai kitse da kaurin gashi kuwa a irin wannan bazara haki yake wuni yi, cinsa ya ragu, ƙwai ya ƙi ƙyanƙyasuwa. Emden fara ce ƙatuwa, tana da nama, amma toronta an san shi da tsare gida da zafin rai, kuma dukan tsuntsu mai kilo 12 ba abin wasa ba ne ga ƙaramin yaro.

Dinyar Sin ce ta fi dacewa da zafi. Jikinta ba nauyi, kilo 4 zuwa 5 da ɗoriya, ta fi kowace yawan ƙwai, takan yi 50 ko fiye a shekara idan ta samu kulawa, kuma ta fi kowace iya neman abinci da kanta. A Amurka cikin shekarun 1950 ita ake saki a gonakin auduga ta cinye ciyawa ta bar shuka. Amma ita ce sarauniyar kwakwazo, toronta kuma ba ya raina abokin faɗa. Mai kiwo a Gazawa ko Cadawa yana tsakanin abu biyu ke nan: masu sanyin hali galibi ba su son zafi kuma da wuya a same su, mai jure zafi kuma ita ce mai baki.

A kasuwa, ido ne takarda

Duk wannan jeri yana da amfani, amma a kasuwar ƙauye babu mai ba da takardar asali. Abin da dillali zai ce bai wuce, «Alhaji, wannan ko jariri ba ta taɓawa.» Yawancin dinyoyin da ke yawo daga hannu zuwa hannu ruwa biyu ne, domin tushen nan biyu suna barbarar juna su haihu. Ƙullutu da siririn wuya alamar jinin Sin ne, wato a sa ran kuka. Shafaffen goshi da faffaɗan ƙirji alamar jinin Turai ne, wato kuka kaɗan, nauyi da yawa.

Mafi alheri shi ne a saya a gidan mai kiwo, a tsaya a ga yadda iyayen ke yi idan mutum ya ratsa ta gabansu. Toron da ya ɗaga kai ya yi kuka ya matsa gefe, hali mai kyau ke nan. Wanda ya baro garke ya biyo baƙo har ƙofa, shi ma 'ya'yansa ba a rasa masu halinsa. Ya kamata a yi hattara da balagaggen toro da aka kawo kasuwa shi kaɗai a farashi mai sauƙi, domin sau da yawa faɗansa ne ya kore shi daga gida. Dinya a ɗaure cikin rana, ga ƙishirwa ga gajiya, kowace salaha ce. Halinta na gaskiya sai ta kwana uku ta ƙoshi.

Akwai kuma kuskuren sayen maza biyu da sunan miji da mata. In ban da Pilgrim da ire-irenta, launi ba ya nuna jinsi. Toro ya fi tsawon wuya da girman kai, kukansa siriri ne mai kaifi, na macen kuma gajere mai kauri. A jinin Sin ƙullutun namiji ya fi girma, amma sai sun yi watanni yake fitowa sosai. Tabbaci sai an kifa tsuntsun an duba mafitarsa, aikin da malamin dabbobi ko gogaggen mai kiwo ke yi cikin minti ɗaya.

Abin da ke tunzura toro

Faɗan toro yana da lokaci da dalili. Dinya tsuntsuwa ce mai riƙon aure: macen na kwanci kwana 28 zuwa 30, wani lokaci fiye a manyan iri, namijin kuma aikinsa tsaron sheƙa. Toron da ya yi wata shida ana wucewa ta gabansa bai ɗaga kai ba, ranar da matarsa ta fara tara ciyayi a lungu sai ya zama wani daban. A Turai wannan lokaci sananne ne, daga Fabrairu zuwa Yuni, saboda tsawon rana ne ke motsa su. A nan kuwa bambancin wuni mafi tsawo da mafi gajarta wajen awa ɗaya da rabi ne kawai, don haka kalanda ba ta da tabbas. Macen ake kallo: in ta fara neman lungu tana jan kara da baki, a shirya.

Dalili na biyu yawan maza ne. Toro ɗaya ya ishi mata biyu zuwa uku a manyan iri, huɗu zuwa shida a jinin Sin. Maza biyu a kan mace ɗaya faɗa ne safe da yamma, wanda aka kayar kuma yakan huce a kan kaji, ko toron agwagwa, ko yaro.

Na uku shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki: shagwaɓa. Masanin halayyar dabbobi Konrad Lorenz, ɗan ƙasar Ostiriya da ya samu kyautar Nobel a 1973, da dinya ya nuna wa duniya cewa tsakon da ya fito daga ƙwai yana ɗaukar abu mai motsi na farko da ya gani a matsayin uwa. Tsakon da yara suka raina a hannu, suna ba shi abinci a tafi, suna kwana da shi a ɗaki, yana girma ba ya jin kwarjinin mutum ko kaɗan. In ya balaga sai ya ɗauki mutanen gida a matsayin 'yan garkensa, ya nemi ya nuna musu wa ke gaba. Wannan ya shafi yankinmu kai tsaye, domin matan Agiye da Gidan Rumji sun saba sa wa kaza ƙwan zabo, kuma haka za a yi da na dinya. Kaza na iya rufe uku zuwa biyar, amma ƙwan ya yi mata nauyi, ɗaya ya kusa uku na kaza, sai an riƙa juya mata shi da hannu kullum, ana ɗan yayyafa ruwa mai ɗumi a kwanakin ƙarshe saboda bushewar iska. In sun fito, a bar su su bi kazar ko 'yan'uwansu, abinci a kasko, ba a tafin hannu ba.

Sai tsokana. Yaro ya jefe shi yau, ya ja masa wutsiya gobe, dinya kuwa tana gane fuska kuma ba ta mantuwa da wuri.

Idan ya taso

Toro ba ya kai hari ba gargaɗi. Zai fara da tsayawa cak ya ɗaga kai, sannan ya sauke wuya ya miƙe shi, ya yi huci, ya buɗe fiffike. Wanda ya juya baya ya ruga a wannan lokaci ya koya masa cewa barazana na aiki, gobe zai ƙara. Abin yi shi ne a fuskance shi, a tsaya a miƙe, a buɗe hannuwa, a yi taku ɗaya ko biyu zuwa gare shi cikin natsuwa. Yawanci nan yake karaya. Faifai, murfin tukunya ko sanda suna da amfani a matsayin shamaki tsakanin mutum da bakinsa. Duka da shuri kuwa suna karya ƙafa ko fiffike, kuma suna ƙara masa ƙiyayya.

In ya ƙi ja da baya, sai a kama shi. Da hannu ɗaya a riƙe wuyan a ƙasa da kai, riƙon da zai hana shi juyowa ba tare da an shaƙe shi ba. Da ɗaya hannun a rungumo jikin a haɗe fikafikan biyu, domin ciwon dukan gwiwar fiffike ya fi na cizo. Daga nan ko a danne shi a hankali ya durƙusa ƙirji a ƙasa na minti ɗaya ko biyu, ko a ɗauke shi a hammata kansa na kallon baya, a zaga da shi a gaban garkensa, sannan a sauke a kora shi gaba. Ana maimaitawa duk ranar da ya gwada, kuma kowane babba a gidan sai ya yi nasa, domin toron da ya sallama wa maigida yana iya ci gaba da korar uwargida.

Abu guda da aka saba yi wa kaza a kasuwa ba a yi wa dinya: ɗauka ta ƙafafu kai a ƙasa. Ƙafarta ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyin jikinta a haka, gocewar ƙashi ba wuya.

Wannan horo na manya ne. Yaron da tsayinsa bai wuce na toron ba, fuskarsa daidai take da bakin tsuntsun, bakin kuwa gefensa zarto ne da aka yi don yankan ciyawa. Tsakanin ƙaramin yaro da toro mai tsaron sheƙa, danga ce kawai magani. Darnin kara ko ragar waya mai tsayin mita ɗaya ya ishi dinyar gida mai nauyi, mai sauƙin jiki kuma a rage mata dogayen gashin fiffike ɗaya. Sheƙar a sa ta a lungu nesa da hanyar rijiya, madafa da makewayi. Mai kwasar ƙwai ya fara rufe toron.

Ciyawa da ruwa

Dinya makiyayiya ce. Babba na iya cin ɗanyar ciyawa har kusan kilo guda a wuni, kuma wadda ta wuni tana kiwo ba ta da lokacin neman faɗa kamar wadda aka tsare a kan yashi. A nan ne ƙasar kowace gunduma ke yin hukunci. Mai garka a kwarin Gulbin Maraɗi, daga Tibirin Gobir zuwa Gidan Rumji, yana da ɗanyen ganye har cikin rani: ragowar salati da kabeji, ganyen zogale, ciyawar bakin kwalbati. A jigawar Agiye da Gangara, ƙasar gero, gyaɗa da aya, ruwan sama na watanni uku zuwa huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba. Da damina akwai harƙiya da guɗe-guɗe masu taushi, amma lokacin ne kuma gonaki ke kewaye da gari, dinya kuwa ba ta bambanta ciyawa da sabon tsiron gero. Ɓarnar garke ɗaya a safiya ɗaya ta isa ta kai maƙwabta gaban mai gari. Da rani sai a koma ga dusa da aka jiƙa, harawar wake ko ta gyaɗa da aka daddatsa, da ɗan hatsi. A kwarin Gulbin Kaba ta wajen Gazawa, inda goruba ta yi yawa, akwai inuwa, kuma inuwa rabin kiwon dinya ce a bazara.

Tafki ba dole ba ne. Abin da ba a fasawa shi ne ruwan da za ta nutsa kai gaba ɗaya ta wanke ido da hanci, daro ko rabin tano ya wadatar, a canza shi kullum saboda sauro da ƙazanta. Manyan iri sun fi yin barbara mai kyau a cikin ruwa. Abubuwa uku ke kashe su da sauri: tunkuza ko hatsin da ya yi funfuna, wanda gubarsa ta fi illa ga tsakin agwagwa da dinya fiye da na kaza, ciyawar da aka yi wa feshi, da ruɓaɓɓen ruwan kududdufi a lokacin zafi.

Gadi da iyakarsa

Sunan dinya a gadi ba na banza ba ne. Marubutan tarihin Rum sun ruwaito cewa kukan dinyoyi ne ya tashi masu tsaron tudun Kapitol da dare, wajen shekara 390 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da mayaƙan Gol suka yi yunƙurin hawa, karnuka kuwa ba su yi haushi ba. A zamaninmu wani gidan yari a jihar Santa Katarina ta Brazil ya maye gurbin karnukansa da dinyoyi. Amma a duka misalan biyu aikinta ƙararrawa ne. Tana tona asirin ɓarawon kaza ko na akuya, ba ta iya kare kanta daga kare ko dila, balle ta tsaya wa 'yan bindigar da suka addabi ƙauyukan kan iyaka a gundumar Gidan Rumji tun wajen 2019. Kukan kuma duka garken ke yi, har da mata. Wanda gadi kawai yake so zai iya ajiye mata biyu ko uku babu toro, ya samu ƙararrawa da ƙwai, ya huta da yawancin cizo.

Sabuwar dinya kuma ba a haɗa ta da kajin gida ranar da ta zo. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Nijar a Magarya cikin Fabrairun 2006, bayan ɓullarta a Najeriya, daga baya a shekarar ta kai wani ƙauye na gundumar Madarunfa. Tsuntsayen ruwa na iya ɗaukar wannan cuta, da annobar kaji ta Newcastle, su yaɗa alhali ba su nuna alama sosai ba. Keɓewar mako biyu zuwa uku, da hana su cuɗanya da tsuntsayen daji a tafki, da sanar da ma'aikatan kiwo in an ga mace-mace, su ne kariya.

Akwai toron da horo ba ya kama shi: an danne shi, an keɓe shi, kwanci ya wuce, har yanzu yana bin yara. Irin wannan ba a barin shi ya yi iri, kuma sayar da shi ga gida mai ƙananan yara ba tare da an faɗi halinsa ba zalunci ne. Wuƙa ce ta dace da shi, naman tsohon toro kuwa sai an daɗe ana dafawa. Jihar da ta fitar da jar akuyar Maraɗi ta hanyar zaɓen iri shekara da shekaru ta san wannan aiki: a bar mai kyan hali ya yi barbara, a yi musayar toro da wani gari bayan 'yan shekaru don kada jini ya haɗu. Dinya na rayuwa shekara 15 zuwa 20, macen na ba da ƙwai mai kyau shekaru da dama, don haka gida uku ko huɗu a Cadakori ko Gazawa da suka haɗa kai a kan wannan zaɓe za su iya samar da irin da ya saba da zafinmu kuma ya saba da yara, ba tare da an jira Pilgrim daga ƙetare ba.